Wanda Ya Yi Ban-Kwana Bai Tafi Ba

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da lafiyarka. Allah Ya tsare min kai a inda kake, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin hanya, Ya kuma tsare ka daga zuciyarka, don a cikin ukun nan ita na fi jin tsoro.

Ba zan tambaye ka inda kake ba, na sani. Malam Isuhu mai sayen riɗi ya gan ka ran kasuwar da ta wuce a Maigatari, kana zaune a bayan rumfar mai shayi kusa da tasha, ka ja hula har gira. Ya ce da ya yi maka magana sai ka ce masa ba kai ba ne. Haba Abba, mutumin da ya ci naman sunanka za ka ce wa ba kai ba ne? Shi zai kawo maka wannan takarda, tunda wayarka ta kurmance tun ranar da ka kira ni daga Abuja ka ce, "Baba, sun hana ni biza," ka kashe. Ya kuma gaya min abin da ya jiyo a tasha. Wai ran Alhamis mai zuwa bayan la'asar akwai motar da za ta tsallaka da ku Damagaram, daga can Agadas, daga can sai hamada. Tun da na ji maganar nan abinci bai yi min daɗi ba. Innarka ta san an hana ka, amma ba ta san zancen mota ba, kuma ban san ta inda zan fara gaya mata ba.

Ka taso kana jin ana ce min Hudu Ban-Kwana. Kana yaro ka taɓa tambayata dalili, na daka maka tsawa. Na tabbata ka tsinci labarin guntu-guntu a gari, amma ba ka taɓa jin sa daga bakina ba. To zauna ka karanta, ko shayin ya huce.

Ina saurayi, ban daɗe da gama koyon ɗinki a Gumel ba, wani ejan ya ce zai kai mu Saudiyya mu yi aikin tela, ni da abokina Sale. An yi mana fasfo, biza ce kawai ta rage, shi kuma ya ce mu ɗauka kamar an buga. Ai kuwa muka dawo gari muka shiga ban-kwana. Ka san yadda muke yi a nan, gida-gida, ba a tsallake ko ɗaya. Ka durƙusa ka nemi gafara, a yafe maka, a sa maka albarka, tsofaffi su ɗora maka addu'o'in da za ka kai musu gaban Ka'aba. Har ƙauyukan dangin uwa na taka, can wajen Gagarawa. Na yafe wa mutanen da ban yi niyyar yafe musu ba. Na sayar da keken ɗinkina, na ba ƙanena gonar da Baba ya yanka min, hatta fartanyata na kyautar, don me Alhaji zai yi da fartanya? Kakarka ta yi min ƙuli-ƙuli da dakuwa ta ƙulle a tsumma. Iya Tabawa, uwar Sale, ta riƙe hannuna ta ce, "Hudu, kai ne mai hankalin cikinku, ka kular min da shi." Rabin gari ya raka mu bakin titi.

A Kano ejan ya yi ta ce mana gobe, gobe, har guzurinmu ya kusa ƙarewa. Ƙarshe ya miƙo mana fasfo ɗinmu fari fat, ba a buga komai ba. Na ce masa mene ne dalili? Ya ce dalili yana wurin Larabawa, in ina so in je in tambaye su.

Kuskurena na farko, na ɗauki hanin nan a matsayin zagi. Na yi ta juya abin a raina, me suka gani a jikina, me na rasa da wasu suke da shi? Na san kai ma abin da ke cin ka ke nan, don na san halinka, ko fitila ka gyara aka ce ba ta yi haske ba sai ka ƙi cin tuwo. Abba, wanda ya hana ka bai san ka ba. Hoto ya gani da takardu, ya ture, ya jawo na wani. Bai san kai ne ka haɗa wa rijiyar garinmu famfo mai aiki da hasken rana ba, bai san mata sun daina tafiya nesa ɗibar ruwa saboda kai ba. Kada ka bar mutumin da ya riga ya manta da fuskarka ya zaɓa maka inda za ka mutu.

Na biyu ya fi na farko muni. Muka shiga motar gida, ni da Sale. Da muka iso Gumel inda ya kamata mu sauka mu nemi ta garinmu, na kalle shi, ya kalle ni, ba wanda ya motsa. Muka zarce Maigatari. Damina guda cur na yi a garin nan, Abba, ina jan dabbobin mutane a kara, ina taya lodin shanu, ina kwana a rumfa. Ka san dai tsakanin Maigatari da garinmu ba wata tafiya ba ce. In hadari ya haɗo ya zuba a kaina, na san ruwan nan shi ne yake zuba a gonar da na kyautar. Ran kasuwa kuwa wuyana har ciwo yake don waige. In na hango ɗan garinmu sai in shige bayan raƙumi in tsaya, raƙumi yana tuƙa yana kallona. Can gida kuma kakarka tana gaya wa mata ɗanta yana Makka, ana yi mata barka.

Abin da ban gane ba a lokacin, kunya girma take yi. Da na koma ranar farko, da dariyar mako guda za a yi min a wuce wurin. Amma kowace kasuwa ta zagayo sai komawar ta ƙara nauyi, don yanzu ba hanin kaɗai zan amsa ba, har da ɓuyan, har da barkar da aka yi wa uwata a banza. Kai yanzu taka ƙarama ce, ba ta kai ko kwatankwacin tawa ba. Ka sauke ta tun tana sauƙin ɗauka.

Na uku shi ne wanda nake ɗauke da shi har yau. Da damina ta ja baya Sale ya ce shi ya gaji. Ya ce, "Ni ba zan koma in ce ina kwana ga mutanen da na yi wa ban-kwana ba. Da wane bakin? Sun hana mu ta sama, to ƙasa ai ba tasu ba ce." Ya samu wasu masu tafiya Libiya ta Damagaram, wai in ya yi aiki ya tara sai ya wuce Makka daga can. Ka san me na ce masa? Ni da uwarsa ta ce ni ne mai hankali? Na ce masa, "Wallahi Sale kai namiji ne." Na raka shi har inda suka hau mota, na cire rigata mai kauri na ba shi saboda sanyin hanya, na ce in ya isa ya aiko in biyo shi. Kada ka ɗauka hankali ne ya tsayar da ni. Tsoro ne ya kama ni da na ga yadda aka danna su a bayan motar.

Bai aiko ba. Ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa, ko mai cewa na gan shi a wuri kaza ba a samu ba. Ka riski Iya Tabawa, tsohuwar nan da take zama a ƙofar gida tana tsayar da duk direban da ya shigo gari, ku yara kuna cewa ta ruɗe. Ba ruɗewa ba ce, cigiya take yi. Malamai sun sha ba ta shawara a yi masa addu'a a raba abin da ya bari, ta ce ba ta ga gawa ba. Duk ranar da muka haɗu sai ta ce, "Hudu, da yaushe ya ce zai dawo?" Ni kuma in ce, "Iya, sai dai mu yi ta addu'a." Da wannan tambaya ta koma ga Allah. Uwar da ɗanta ya mutu ana yi mata ta'aziyya, ta yi kuka, ta haƙura. Ita ko wannan ba ta samu ba. In na kalli innarka tana tankaɗe a tsakar gida sai in ga ƙofar gidan Iya Tabawa, sai in tashi in fita.

Saboda haka na san akwai masu ce maka namiji a tashar nan. Ka dube su da kyau, nawa ne a cikinsu za su hau motar? Ni na taɓa zama wannan mutumin, na san ba ya asarar komai. Kuma kada su ce maka yanzu zamani ya canja, akwai waya, akwai motoci masu gudu. Hamada ba ta san zamani ya canja ba. Motar da ta lalace a tsakiyar rairayi, ko wace iri ce, ƙishi ɗaya ne. Wanda ya tsira daga ƙishi kuma ka ji abin da ake faɗa game da gidajen da ake kulle mutane a can, ana dukansu ana kiran iyayensu a waya don su ji kukan. Ni ban san abin da zan yi ba in aka kira ni na ji muryarka haka. In ka ji ana ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba.

Na taɓa ji a rediyo wai a wata ƙasa ta Turawa har suna suke da shi ga mutanen da hukuma ta hana su barin ƙasa, kuma da sunan dai suke kiran wanda aka ba shi umarni ya ƙi bi. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Mu ma a garinmu tun daga kaina aka samu kalma, duk wanda ya yi sallama ya dawo ba tare da ya je ba, 'yan ban-kwana ake ce musu. Amma ni da na ga abin da idona, na san mutum biyu ne ba ɗaya ba. Akwai wanda aka hana ya haɗiye, akwai wanda aka hana ya ce bai yarda ba. Ni ne na farkon, ga ni da suna mai ban dariya da furfura da jikoki. Sale ne na biyun, shi ba wanda ya taɓa yi masa dariya, ba kuma wanda ya san kabarinsa.

Bari in gaya maka yadda na koma gida, don ba da ƙafar kaina na yanke shawara ba. Wata Alhamis bayan tafiyar Sale, ina kara ina riƙe da igiyar bijimin wani Buzu, sai na ji an tsaya a bayana. Na waiga, Baba ne, kakanka wanda ka ci sunansa, da tsohuwar hularsa, yana janye da ragonsa. Babu raƙumi kusa. Na durƙusa a cikin kashin shanu na sunkuyar da kai, ina jiran mari ko abin da ya fi mari. Bai ce Makka ba, bai ce ina ka shiga ba. Ya miƙo min igiyar ragon ya ce, "Riƙe min nan, hannuna ya gaji." Na riƙe. Ya zagaya kara sama-sama, duk wanda ya taya ragon sai ya ce albarka. Can ya ce, "Kasuwar yau ba ta yi ba, mu je gida." Ya shige gaba, ina biye da rago. Da muka shiga gari mutane suka fito suna kallo, shi kuwa yana gaisawa da kowa kamar tare muka fita da safe. Sai bayan rasuwarsa kakarka ta gaya min ragon nan na layya ne, bai taɓa niyyar sayar da shi ba. Wani ne ya tsegunta masa inda nake.

An yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Tsofaffi suka riƙa tambayata ina zamzam ɗinsu. Samari in na wuce sai su ce, "Alhaji, yaushe aka sauka?" Na yi fushi, na yi faɗa, har na daina zuwa dandali. Ƙanena ya dawo min da gona da kansa, maƙwabci ya dawo min da fartanya yana ƙunshe dariya. Sunan ya manne, amma bai hana gero fitowa a gonata ba, bai hana a ba ni innarka ba, bai hana a sa ni gaba a sulhun gari ba. Ko yau in aka ce Ban-Kwana ina amsawa.

Sai dai ashe ban haɗiye shi duka ba, kuma nan ne kuskurena na ƙarshe, wanda kai ya faɗa wa. Da kamfanin nan na ƙasar Larabawa ya ce zai ɗauke ka aikin lantarki, ka zo ka same ni a zaure ka ce, "Baba, mu yi shiru tukuna, mu bari biza ta fito." Ka tuna abin da na ce maka? Na ce bakinka ya sari ɗanyen kashi. Na sa babbar rigata ta Sallah, na sa ka gaba, muka bi gari gida-gida. Ni da na fi kowa sanin ba a cinikin biri a sama, ni na ja ka har gidan mai gari, na ja ka gidan liman, na sa ka durƙusa a gaban waɗanda suka yi min dariya ina saurayi. Ba don kai na yi ba, Abba. So nake a ce ɗan Ban-Kwana ya yi ban-kwana ya tafi. So nake ka wanke min suna. Ka fi ni hankali ranar nan, na danne ka da girma. Kunyar da kake gudu tawa ce, ni na ɗinka ta na sa maka, ka yafe min.

Kuma don kada ka ce me za ka gaya wa mutane, na riga na gaya musu. Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallaci na ce, "Jama'a, yaron nan da na zagaya da shi, an hana shi biza, bai tafi ba. Laifin gaggawar nawa ne." Sai Malam Garba mai faci, ka san bakinsa, ya ce, "To ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Masallaci ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Liman ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, aka shafa. Kafin in sa takalmi mai gari ya jawo ni gefe ya ce, "Hudu, in dai yana kusa ka ce ya zo, famfon nan tun da ya tafi yake shaƙewa." Ka ji iyakar abin da kake shirin shiga hamada saboda shi. An yi dariyar an gama, ni na shanye maka kashi mafi yawa, ɗan abin da ya rage ba zai kashe ka ba.

Ban ce kada ka fita neman arziki ba. Saurayi ne kai, da sana'a a hannunka, garinmu kuma na san ya yi maka kaɗan. Ka sake nema, in sun hana ka nemi wata ƙasar, ko ka tafi Kano ko Legas inda in na kira za ka ɗauka. In Allah Ya buɗe ƙofa ka bi ta ƙofar, ni zan raka ka filin jirgi, kuma wannan karon ko kazar gidanmu ba za ta ji labari ba sai ka sauka. Abin da na hana ka shi ne motar ran Alhamis. Ban cika ce maka na hana ba tun da ka girma, yau na ce. In kuma ka riga ka ba su wani abu, bar musu, Allah Ya sa iyakar asarar ke nan.

Tsoro nake ji, Abba, ba zan yi maka ƙaryar dattako ba. Ina tsoron kada Malam Isuhu ya rasa ka a tasha. Ina tsoron kada takardar nan ta sa ka ƙara ɓuya, ko su ce sun matso da tafiyar ka bi su. Ina tsoron ranar da innarka za ta ɗaga kai daga tankaɗe ta ce min, "Malam, da yaushe ya ce?"

Ran Alhamis in Allah Ya kai mu zan shigo Maigatari da hantsi. Zan zo da farin ragon nan da innarka take kiwo, na ce mata kasuwa zan gwada. Za ka same ni a kara, wajen masu tumaki, gefen da ake saukar da na ƙauye. Ba zan shiga tasha neman ka ba, ba zan kunyata ka a gaban kowa ba, ba kuma zan tambaye ka komai ba, a can ko a hanya ko a gida. Zan tsaya ne kawai. Ka san ragon nan da ƙarfi, ka kuma san yadda kafaɗata take tun faɗuwar da na yi daga amalanke. Zan riƙe shi iya iyawata har la'asar. Ka zo ka karɓi igiyar, Abba, hannuna ya gaji.

Allah Ya tsare ka a zaune da tsaye, Ya kare ka daga gabanka da bayanka, Ya karkato da zuciyarka gida. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka arzikin da za ka ci da ranka da lafiyarka a gaban idon innarka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Hudu Ban-Kwana